Ƙasar da Baba Ya Aiko wa Kawu

Ina tsaye gaban allo da hantsi, ina koya wa 'yan aji huɗu, waya ta yi ta kuka a cikin jaka. Ba na ɗaukar waya a aji. Da ta ƙi yin shiru sai na fita baranda. Gwaggo ce, matar Kawu, yayan mahaifiyata. Ba ta yi sallama ba, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ce, "Ki zo. Kawunki ya cika."

Na yi innalillahi, na jingina da gini. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne Baba bai zo ba tukuna. Mahaifina da Kawu sun yi shekaru masu yawa babu abin da ke haɗa su sai sallama busasshiya. A kakar nan ne aka samu aka shawo kansu, aka tsayar cewa da zarar Baba ya gama bugun shinkafa a ƙauyenmu na ƙasar Gwaram zai zo Birnin Kudu, ya zauna da Kawu, ya ga wani abu da Kawu ya daɗe yana son nuna masa. Saura kaɗan a gama bugun.

Ƙofar gida ta cika kafin azahar. Tsofaffin ɗalibansa suka zo, wasu da furfura, wasu da motocin ofis, kowa na cewa Malam ne ya koya masa kaza. Wani ya ce shi har yau in ya ga an ƙyasta ashana sai ya tuna ajin kimiyya. Limamin unguwa ya ce ya shaide shi da sahun farko. Mai sayar da gas na bakin tasha, mutumin kudu ne kuma Kirista, ya zo ya durƙusa a soron mata yana share ido da bayan hannu. Ya ce wa Gwaggo, "Mama, Baba Malam ya ceci shagona. Ya ɗebi ƙasa a bayan shago, ya dawo ya ce mini, kai, ƙasarka ta iya cin gas da yawa, wani abu yana yoyo a nan. Na duba, na samu robar ta tsage."

Amma a cikin ɗaki, inda nake zaune kusa da Inna mahaifiyata, wata tsohuwa daga cikin dangi ta gama addu'arta, ta sassauta murya ta ƙara da cewa, "Allah kuma ya yafe masa abubuwan nan da ya riƙa tarawa a kwalba." Inna ta runtse ido. Wurin ba na gardama ba ne. Wannan kalmar ce ta sa na zauna rubuta wannan. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, takardar koyarwa kawai nake da ita. Zan faɗi abin da na gani da abin da ya gaya mini, gwargwadon yadda na gane.

Kafin a yanke mana jiha Kawu yana aiki a wani ɗakin bincike a Kano, inda ake gwada ƙasar noma. Da aka ƙirƙiro Jigawa aka ce kowane ma'aikaci ya koma jiharsa. Ya dawo da murna da akwatin littattafai, yana zaton irin aikinsa na jiransa a gida. Aka tura shi koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. In an taɓo maganar sai ya ce, "Jaririyar jiha ce, a bar ta ta yi rarrafe." A ajin ya yi ritaya.

Abin da bai bari ba shi ne ƙasa. Yana da ɗan ɗaki a gefen soro, ya kafa katako a bango, ya jera tsofaffin kwalaben ƙarin ruwa na asibiti, na gilashi masu murfin roba. Kowace da 'yar ƙasa mai danshi a gindinta, kowace da rubutun alli a jikinta: inda aka ɗebo ta da abin da aka yi mata. Da sirinji yake zuƙo gas ya soka ta murfin ya ba su. Gwaggo ta kan ce, "Mutane na kiwon awaki su ci nama da salla, Malam na kiwon ƙasa."

Shi kuma ya ce, "Nawa ba sa shiga gonar maƙwabci, Hajiya."

"Ai kuwa sun shiga kaskona."

Gaskiyarta. Ranar da ta nemi kaskon suyar gyaɗarta ta tarar yana soya ƙasa a ciki, sai da suka kwana biyu tana ba shi abinci ba magana. Ya sayo mata sabo ranar kasuwa, ya riƙe tsohon.

Ni na fara fahimtar abin bayan na yi aure a Birnin Kudu, gidansa ya zama gidanmu. Wata ranar Asabar na je gaishe su, ya kira ni ɗakin. Ya ce, "Malama, yau ke ce ɗaliba. Kin san fadamar kakanki?"

Na ce na sani.

"In kika soka sanda a taɓon, kumfa na tasowa. Iska ce mai kama wuta. Kashin shanu ma in ya ruɓe yana fitar da ita. Tun kafin kakanninmu ake haka. Ina take zuwa?"

Na ce, "Sama, Kawu."

"Wata ta kai sama. Wata an tare ta a hanya."

Ya ce a cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya. Ba ya son a ce musu ƙwayoyin cuta, yana cewa yawancinsu ba su taɓa cutar da kowa ba. A cikinsu akwai masu cin wannan iskar ta fadama, akwai kuma masu cin gas ɗin girki. Suna haɗa ta da iskar da muke shaƙa, su farfasa ta mataki bayan mataki, su ɗauki abin gina jiki, sauran ya koma ruwa da irin iskar da muke fitarwa.

Ya sauko da kwalba biyu. Ƙasa ɗaya ce, in ji shi, daga wuri ɗaya, gas ɗaya ya ba su rana ɗaya. Bambancin kawai ya soya ta farko a kasko, duk mai rai a cikinta ya mutu. Ya naɗe ta da tsumma, ya miƙe hannu nesa da fuska, ya buɗe, ya kai ashana. Wata 'yar wuta shuɗiya ta ce fuu a bakin kwalbar. Ya buɗe ta biyu, ɗanyar. Ashana ta ci har ta kusa yatsansa, babu abin da ya kama. Ya dube ni yana murmushi kamar wanda ɗansa ya sauke Alƙur'ani.

Amma ba cin ne ya fi ba shi mamaki ba. Abin da ya riƙe shi duk rayuwarsa shi ne yadda suke sanin lokacin ci. Ya ce kowace halitta tana ɗauke da umarnin ayyukanta a cikin ƙwayoyin gadonta, abin da ta gada daga iyaye. Umarnin ƙera makamin fasa gas yana nan a ajiye kullum, amma a rufe, da mai gadi a ƙofa. Sai gas ya shigo ya taɓa mai gadin, sannan a buɗe, a fara ƙira. In gas ya ɗauke a sake rufewa, don ƙirar tana cin ƙarfi.

Ya ce, "Wa kika taɓa gani ya ɗaura wa shanu garma da rani? Garma na rataye, shanu na hutawa. Ruwa ya sauka, a sauke ta. Haka suke. Allah ya koya musu tattali."

Shi ya sa ƙasar da ta saba da gas take cinye shi da sauri, baƙuwar ƙasa kuwa sai ta yi jinkiri, sai masu iyawa sun buɗe ƙofa sun hayayyafa. Wani lokaci yana zuba wa kwalba ɗan ruwan sukari, sai ta bar gas ɗin ba ta taɓa ba. Ya ce a littafi an ce in sun sami abinci mai sauƙi rufe ƙofar mai wuya suke yi. "Amma ni ba zan rantse ba. Wataƙila wasu ne daban suka far wa sukarin suka shanye iskar shaƙa. Kwalba ba za ta raba mini wannan gardamar ba, sai da injin da ba ni da shi." A nan kaɗai na kan ji wani abu mai kama da takaici a muryarsa, shi ma ba ya daɗewa.

Yanzu sai in zo kan rigimar.

Fadamar da Baba ke noma shinkafa gadon Inna ce, daga mahaifinsu ita da Kawu. Da aka raba gado ita ta faɗo mata, mijinta ya ci gaba da nomawa. Kawu a cikinta ya tashi, ya san kowane lungu. A daminar da na haifi ɗana na fari ina gida wanka, Kawu ya zo ƙauyen da sassafe a motar farko. Bai shigo gida ba, yana sauri ya koma makaranta. Ya wuce fadama, ya naɗe wando, ya shiga taɓo da sanda da mazurari da kwalba a kife, yana tara kumfa. Ya ɗebi ƙasa a ƙulla a leda. Daga nan ya biyo ta bayan gida, ya tsuguna a turken shanun huɗa, ya ɗebi ta wurin. Kawu kuwa duk inda yake da safe bakinsa na motsi, zikirin safiya yake yi.

Wani maƙwabcinmu ya gan shi. Ya ga mutum tsugune a turken wani, inda sawun mai gida yake, yana ɗibar ƙasa yana motsa baki, ya tafi bai yi sallama ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake kiran wannan. Maƙwabcin bai yi magana ba a lokacin. Sai da sa ɗaya ya kumbura ya mutu, ruwa kuma ya kwantar da rabin shinkafar, sannan ya buɗe baki. Kafin mako ya zagayo magana ta kai kasuwar Gwaram: Malam na Birnin Kudu ya ɗauki sawun mijin ƙanwarsa, gonar ubansa yake so ta dawo.

Aka kira zama a zauren wan Baba. Muna bayan ƙofa ni da Inna, jariri a cinyata.

Baba ya ce, "Malam, ni ban ce ka yi ba. Tambaya nake. Me ka ɗiba a turkena, kuma me ya hana ka sallama?"

Da Kawu ya amsa tambayar a yadda aka yi ta, da an tashi lafiya. Amma an taɓa shi a wurin da ba ya jurewa. Mutumin da ko laya bai yarda a rataya wa 'ya'yansa ba, yau ana haɗa sunansa da sammu. Sai ya ce, "Gonar ubana ce sai na nemi izini in taka? Ƙasa na ɗiba don bincike. Sa ya ci abin da ya kumbura shi, ku ce ni ne? Jahilci ne ke damunku, Alhaji. Jahilci."

Baba ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce, "To, jahili ya gode." Ya fita. Inna ta karɓi jaririn daga hannuna ta rungume, kamar ita ke buƙatar a riƙe ta.

Daga ranar ba su ƙaurace wa juna ba a zahiri, don dukansu sun san hukuncin haka. In sun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure su yi sallama, su taɓa hannu, kowa ya nemi gefensa. Shi ke nan. Inna ce ta ɗauki nauyin. Ta kan zo Birnin Kudu da kwanon sabuwar shinkafa ta ce, "In ji Alhaji." Ta koma da sabulu da ganyen shayi ta ce, "In ji Yaya." Dukansu sun san ba haka ba ne, dukansu suna cewa an gode.

Shekarar da aka yi wa Baba aikin ido a asibiti a nan Birnin Kudu, ni ke jinyarsa. Kullum da rana Kawu zai tsaya da kekensa a bakin ƙofar asibiti, ya miƙo mini kwanon tuwo a ɗaure, ya tambayi jiki, ya ce, "Ki ce daga gidanki." Rana ta farko Baba ya kai loma, ido a rufe da bandeji, ya tauna a hankali. Ya ce, "Wannan daddawar ba ta gidanki ba ce." Ya cinye tas. Har aka sallame shi bai sake tambaya ba, bai kuma taɓa rage ko loma ba.

A hanyar komawa gida, cikin bas, ya ce mini, "Na san bai yi mini asiri ba. Tun shekarar da ta biyo baya na sani. San maƙwabcin nan ma ya mutu da ciwon, shi wa ya ɗauki sawunsa? Amma a gaban mutane ya ce mini jahili. A gaban yayana."

Na kai wa Kawu maganar. Na ce, "Kawu, kalma ɗaya yake jira."

Ya ce, "Ni ma ina jiran tawa. A gaban mutane aka tuhume ni da shirka, 'yar nan. Ya ce ya sani, to a zuciyarsa ya sani. Ya zo ya gani da idonsa abin da nake yi da ƙasa, ya faɗa da bakinsa. Sannan in ba shi haƙuri a kan harshena."

Baba ya ce haƙuri tukuna. Kawu ya ce gani tukuna. A kan wannan aka tsufa. Ina rubuta shi da nauyin zuciya, don dukansu mutanen kirki ne, kuma dukansu sun fi ni sanin cewa rai ba ya jira.

Abin da ya motsa su ciwon Inna ne. A daminar shekarar da Kawu ya rasu ta kwanta har muka fara fitar da rai. Kawu ya zo dubiya, ya zauna a bakin gado, Baba na tsaye a ƙofar ɗaki. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce, "Yaya, Alhaji. In na mutu ku biyu za ku ɗauke ni. To wa zai riƙe kai, wa zai riƙe ƙafa, tunda ba kwa iya cewa juna ɗaga?" Gwaggo ta yi dariya da hawaye. Su ba su yi ba. Allah ya tashi kafaɗar Inna, maganar kuma ta zauna.

Da kaka ta kama na je ƙauye. Zan taho Baba ya ce in jira. Ya ɗauki fartanya ya nufi fadama, shi da ba ya gani sosai da ido ɗaya. Ya dawo da ƙasa a ƙulle a guntun buhu, ya ɗora mini a kan jaka. Ya ce, "Ki kai wa Malam. Ki ce da hannuna na ɗebo. Ya haɗa abin nasa, Juma'a mai zuwa ina nan tafe."

Sai wanda ya san ƙasar nan zai gane girman abin. Mutum ya ɗebi ƙasar gonarsa da hannunsa ya aika wa wanda aka ce ya taɓa ɗaukar sawunsa. Duk hanya ina riƙe da ƙullin a cinya kamar ƙwai.

Kawu ya kwance, ya murza a yatsa, ya shinshina. Ya ce, "Daga gindin giginya ya ɗebo. Ya san inda ta fi." Ya ɗago ya ce, "Ranar da ya zo, kafin in taɓa ashana zan ba shi haƙuri. Shi ya riga ni."

Na ce, "To ga waya, Kawu, mu kira shi yanzu."

"Irin wannan maganar ba a yin ta a waya. Sai ina ganin fuskarsa."

"To Juma'a ai kamar gobe ce."

Ya girgiza kai. "Ki ce masa kada ya yi sauri. Ƙasar fadama iskar taɓo ta sani, gas ɗin girki baƙo ne a wurinta, sai ta yi jinkiri kafin ta buɗe. In ya zo Juma'a na ƙyasta, duka biyun suka kama, me zan ce masa? Bayan shekarun nan in nuna masa abin da bai nuna ba? Ya gama bugun shinkafarsa a tsanake. Kafin nan ta shirya."

Gwaggo daga tsakar gida ta ce, "Malam, mutum ya ce zai zo, kai kuma kana cewa ƙasa ba ta shirya ba?"

Ya ce, "Hajiya, aikin ba ki san shi ba."

Ta ce, "Na san mutane dai."

Ya yi dariya ya ɗauko kasko. Na tsaya ina kallo ya raba ƙasar biyu, ya soya rabi, ya yayyafa ruwa, ya zuba a kwalabe, ya yi rubutunsa da alli. Fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka na manta. Na kai wa Baba saƙon. Ya ce, "Malam ke nan. Komai sai ya dahu. To, bayan bugu."

Ranar da Kawu ya rasu ya dawo daga masallaci, ya leƙa ɗakin kwalabe kamar kullum, ya zauna a kujerarsa ya ce a kawo koko. Dama yana fama da hawan jini. Gwaggo ta ce kafin ta dama ta kawo kansa ya langaɓe. An kai shi asibiti, rai ya riga ya yi halinsa. Allah ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya sa abin da ya koyar ya bi shi.

Baba ya bar shinkafa a masussuka ya hau babur ya taho, ya sami salla. An gaya mini yana cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi, an ce ya bari yara su yi, ya ƙi. Kwana ukun zaman makoki yana kan tabarma a ƙofar gida, yana karɓar gaisuwa tare da 'ya'yan Kawu. Duk wanda ya zo daga Gwaram ya gan shi a wurin.

Bayan sadakar uku, mutane sun ragu, ya aiko a kira ni. Ya ce, "Kai ni ɗakin."

Ɗakin babu komai sai tabarmi. Matan da suka zo daga ƙauye a nan suka kwana, don haka tun ranar farko maƙwabta masu taya aiki suka kwashe kayan. Muka sami kwalaben a ɗakin ajiya, an jera su a cikin babban daro, babu wadda ta fashe. Matan sun kula da su ƙwarai. Sun ga ƙura da farin alli a jikinsu, ga baƙi na shiga da fita, sai suka sa jiƙaƙƙen tsumma suka goge kowace tas. Suna ta ƙyalli.

Gwaggo ta tsaya a ƙofa cikin mayafin takaba, ta dafe baki. Ta ce, "Wallahi Alhaji ban sani ba. Ban san inda kaina yake ba ranar."

Baba ya ce, "Babu laifin kowa, Hajiya. Alheri suka yi." Ya tsuguna a gaban daron. "Wacce ce tawa?"

Ban sani ba. Jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikin gilashi duk kamarta ɗaya. Ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya yana kaiwa wajen haske, yana karkata kai ga idon da ke gani. Ya ware wata ya ce kamar ta gindin giginya. Ya ce, "Kin ga yadda yake yi. Yi mini."

Na naɗe ta da gefen zanena, na miƙe hannu, na buɗe, na ƙyasta. Ashana ta ci ta mutu. Babu wuta.

Ya ce, "To. Ta cinye ke nan?"

Na so in ce masa e. Na ce, "Ban sani ba, Baba. Wataƙila ta cinye. Wataƙila tsohuwa ce da ba a ba ta komai ba, ko murfin ya saki. Sai an san 'yar uwarta soyayyiya an gwada su tare. Kuma ban tabbata taka ba ce."

Na miƙa hannu zan ɗauki wata, ya riƙe mini wuyan hannu. Ya ce a bar su.

A nan na gaya masa abin da Kawu ya faɗa ranar da ƙasar ta iso, cewa kafin ashana zai ba shi haƙuri. Ya saurara kansa a ƙasa. Ya ce, "Ke kika ji. Ni na yafe masa tun ina cin tuwonsa a asibiti, ban faɗa ba. Shi kuma abin da yake so ya ji daga bakina bai ji ba. Ya ce in gani in faɗa. Ban gani ba, me zan faɗa wa mutane? In ce na yarda kawai? Ai yarda dama na yi."

Ya roƙi Gwaggo ta ba shi kwalaben. Ya naɗe kowace da tsumma, ya jera a buhu, ya riƙe a cinya a bas har Gwaram. Suna ɗakinsa yanzu, ya hana jikoki shiga. Ya ce in nemo masa wani cikin ɗaliban Malam da zai haɗa abin daga farko, shi zai sake ɗebo ƙasa, a yi a zauren da aka yi zaman farko, a kira waɗanda suka rage cikin mutanen da suka ji.

Na tambayi duk waɗanda na sani. Kowa ya tuna wutar. Babu wanda ya tuna yawan gas ɗin da ake sawa, ko danshin ƙasar, ko tsawon jiran. Wani ya ce zai duba in ya sami hutu. Idon Baba na biyu ya fara hazo, duk ranar da na je sai ya tambaye ni. Har yau ban samo masa mai nuna masa ba.